Kaboyi a Ƙasar Baƙi: Nazarin Tampopo da Le Retour d'un aventurier daga Mahangar Ɗan Kallon Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta finafinan barkwanci biyu da suka ari rigar kaboyin Amurka: Tampopo na Juzo Itami (Japan, 1985) da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane (Nijar, 1966). An bi hanyar nazarin zubi da jigo, aka auna su da matsayin doki a al'adar Katsina.

Gabatarwa

Aro tsakanin Japan da finafinan kaboyi tsohon abu ne. Daga Yojimbo na Akira Kurosawa (1961) Sergio Leone ya ɗauko labarin A Fistful of Dollars (1964). Da Itami ya zo, sai ya mayar da aron abin dariya.

Tampopo

Goro direban babbar mota ne mai hular kaboyi. Ya tsaya cin taliyar ramen a shagon wata mata da mijinta ya rasu, ya tarar da girkin ba daɗi, sai ya ɗaura ɗamarar koya mata sana'ar. Da shagon ya kafu, ya hau motarsa ya tafi, kamar jarumin Shane (1953). Babu doki, babu harbe-harben dandali. Akwai wurin da wani dattijo ke koya wa saurayi ladabin cin taliya: a ƙare wa kwano kallo, a shafa yankan nama da tsinken ci, har a ba shi haƙuri. In ban da hula, Itami ya yar da kayan kaboyi, ya riƙe halinsa na baƙon da ke gyara ya wuce.

Fim ɗin Alassane

A nan abin ya juya. Jimmy ya dawo gida daga Amurka da akwati cike da huluna, takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Nan take suka sauya suna: wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, 'yar wasa Zalika Souley kuwa ta fito a matsayin Reine Christine. Suka hau dawaki suka addabi gari, daga baya suka juya wa junansu. Tufafin sun iso, halin taimako bai biyo su ba.

Bakatsine zai ji zafin wannan barkwanci fiye da ɗan kallon Faransa. A garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa, inda hawan salla ke nuna wa kowa matsayinsa, doki kayan sarauta ne. Yaro ya hau shi ba rawani, ba izinin kowa, yana ɗaga wa dattawa murya, ai raini ne tsagwaronsa. Dariyar Tampopo mai sanyi ce. Ta Alassane tana da yaji, kuma a ganin mai wannan nazari ita ta fi zurfi, duk da cewa fim ɗin bai kai minti 40 ba.

Nazarin fim a ƙasar Hausa ya fi karkata ga tasirin Indiya a kan Kannywood, an bar kaboyi a baya. Ya kamata ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su naɗi bayanan tsofaffin 'yan silima na Katsina da Maraɗi tun suna raye.