Daga Tudun Mafoni: Wa Ke Share Wa Ɗan Sanda Hawaye?

Wanda ya ratsa unguwar Mafoni ta Maiduguri a yau, cikin hayaniyar Keke Napep da 'yan tireda, ba lallai ya san cewa daga nan mulkin zamani ya fara kafa ƙafarsa a wannan yanki na Borno ba. Bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusseri a 1900, suka bi ɗansa Fadlallah har Gujba suka gama da shi a 1901, sai sojojin Ingila suka shigo Borno a 1902. A Mafoni, wadda suke rubutawa Maifoni a takardunsu, suka kafa sansaninsu. Nan aka binne Claud Alexander, wani hafsan Ingila da ciwo ya kashe a 1904, kuma da aka kashe ɗan'uwansa Boyd a ƙasar Chadi a 1910, nan aka kawo gawarsa kusa da shi. Shehu Abubakar Garbai bai tare a Yerwa, wato Maiduguri, ba sai 1907. Bariki ya riga fada zama a wurin.

Tun daga wannan lokaci mai tsaron gari ya rabu gida biyu. Akwai na gwamnati, mai ɗamara da kulki, wanda Bahaushe ya dubi abin da ke hannunsa ya raɗa masa suna ɗan sanda. Asalinsa daga kudu ne: 'yan gadin da aka ɗauka a Legas a 1861, sai dakarun da aka riƙa kira Hausawan Glover, sai rundunar kamfanin Royal Niger da aka kafa a Lakwaja a 1888, har zuwa 1930 da aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda mai hedikwata a Legas. Sannan akwai na sarki, dogari, wanda ya girmi Bature nesa ba kusa ba.

Dogarin dauri bai san albashi ba. Ubangidansa ne albashinsa. Daga fada yake ci, daga fada yake samun riga da rawani, in ya tashi aure fada ce ke tsaya masa, in ya tsufa kuma ba a korarsa daga zaure. Da yawansu bayin sarki ne ko 'ya'yan bayi, saboda haka ba zancen daɗi ba ne tsantsa, amma dai kowa ya san wanda nauyinsa ke wuyansa. Da Turawa suka kafa baitulmali a masarautu, sai aka yanka wa dogarai albashi, daga baya aka ware wasu aka koya musu fareti, aka ba su kaki, aka kira su 'yan doka. Su ne 'yan sandan En'e. In ana neman abin da ya fi kama da 'yan sandan jiha a tarihin Arewa, to su ne: En'e ke ɗaukarsu, En'e ke biyansu, kuma ikonsu bai wuce iyakar ƙasar En'ensu ba. Ɗan dokan Borno ba shi da ta cewa a Kano.

Suna da amfaninsu, kada a ƙwace musu. Ɗan doka ɗan gari ne, yana jin Barbarci ko Hausa ko Shuwa, ya san gidan kowa, ya san ɓarawon unguwa da wanda yake sayar wa kaya. Siyasa ce ta ɓata musu suna. A shekarun 1950, ɗan doka da kotun alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke, En'e kuwa ta karkata ga jam'iyyar NPC. 'Yan jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano sun ɗanɗana, haka ma 'yan Borno Youth Movement, ƙungiyar da Ibrahim Imam ya jagoranta bayan ya bar kujerar babban sakataren NPC. Neman izinin lacca kaɗai kan iya kai mutum gidan kaso. Har yau in ka ji dattijo ya yamutsa fuska da an ambaci 'yan sandan jiha, wannan zamanin yake tunawa.

Soja ne suka rufe babin. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 gwamnatin Ironsi ta sa 'yan doka ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar, ta kuma naɗa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba makomar 'yan sanda da gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su, gwamnatin Gowon ta karɓa, kuma kafin shekarun 1970 su yi nisa babu sauran ɗan doka. Waɗanda suka cika sharaɗi aka saje su da 'yan sandan tarayya, sauran aka sallame su.

Mutumin da aka yi wannan aiki a hannunsa ɗan Borno ne, Kam Selem. Shi ne ɗan ƙasa na biyu da ya zama Sufeto Janar, bayan Louis Edet, kuma ya riƙe kujerar daga 1966 zuwa 1975, shekara tara, abin da babu wanda ya sake yi. Duk yaƙin basasa yana kan kujerar, yana cikin majalisar ƙoli ta mulkin soja, kuma dogon ginin 'yan sanda da ke Legas sunansa yake ɗauke da shi. A zamaninsa ɗan sanda ya taɓa sama. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, cikin gwamnonin Arewa shida uku 'yan sanda ne: Audu Bako a Kano, Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. Audu Bako ma a barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi a 1924, ɗan ɗan sanda ne, ya shiga aikin a 1942. Wanda ya je Tiga ko Bagauda ya ga hannunsa. Bayan Kam Selem sai M. D. Yusufu na Katsina, daga 1975 zuwa 1979, mutumin da daga baya ya fito neman shugabancin ƙasa a 1998, lokacin da jam'iyyu ke rige-rigen miƙa wa Abacha takara.

Waɗannan manya ne, tarihi ya san su. Tambayata a kan kurtu ce, da kofur da saje. Da aka raba shi da En'e, an raba shi da danniyar sarki, amma an kuma raba shi da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa in ciwo ya kwantar da shi. Daga nan ubangidansa ya koma Legas, daga baya Abuja, kuma fayil ne ke magana a madadinsa. Fayil kuwa yakan ɓata.

A wasu ƙasashe ƙungiya ce ta cike wannan gurbi. A Ingila, bayan yajin aikin 'yan sanda na 1918 da 1919, an hana su yajin aiki, amma dokar da ta hana ɗin ita ce ta kafa musu tarayyar da za ta riƙa kai kukansu gaban gwamnati, tana nan har yau. A Amurka 'yan sandan jihohi suna da ƙungiyoyinsu, su ke zaɓen shugabanni daga cikinsu, su ɗauki lauya, su tallafa wa iyalan wanda ya mutu a bakin aiki. A Afirka ta Kudu wani ƙaramin hafsa, Gregory Rockman, ya jagoranci kafa POPCRU a 1989, tun mulkin wariyar launin fata bai faɗi ba. A Najeriya dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta fito fili ta hana ɗan sanda kafa ƙungiya ko shiga wata.

An taɓa gwada tsallake wannan katanga a fili. A farkon Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka ajiye aiki a sassa da dama na ƙasar, suna kukan bashin alawus da tsayawar ƙarin girma. Gwamnatin Obasanjo ta kira abin tawaye, ta fito da soja su tsare muhimman wurare, aka kori wasu. A watan da ya biyo baya Sufeto Janar Musiliu Smith ya bar kujera, Tafa Balogun ya hau. An biya wasu haƙƙoƙi, amma ƙungiya ba ta samu ba. Abin mamaki, ko kuwa ba mamaki ga wanda ya san ƙasar nan, a 2018 Smith ɗin ne aka naɗa shugaban hukumar da ke kula da ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da 'yan sanda.

To tunda mai kaki ba shi da baki, sai maganarsa ta koma hannun mutum biyu: matarsa da tsohon da ya tuɓe kakin. Ƙungiyar matan 'yan sanda, POWA, tana da rassa a jihohi, tana gina shaguna da makarantu, tana kai wa zawarawa da marayu tallafi. Aiki ne na alheri. Sai dai shugabancinta bin muƙamin miji yake: matar Sufeto Janar a sama, matar kwamishina a jiha. Ran da aka yi wa maigida canjin wurin aiki, uwargida ma ta tashi. Kuma da wuya matar saje ta miƙe a gaban matar kwamishina ta ce rufin bariki yana zuba, alhali ta san wanda zai sa hannu a takardar ƙarin girman mijinta.

Tsofaffin su ne masu 'yancin magana, don babu sauran abin da za a ƙwace musu. Ƙa'idar aiki ita ce shekara 35 ko cika shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Masu jagorancin ƙungiyoyin tsofaffin 'yan sanda, irin su ARPON da takwarorinta na 'yan fansho, mutane ne da suka cinye wannan wa'adi suna yawo daga caji ofis zuwa caji ofis, wasu sun yi Mobal, wasu sun je aikin kiyaye zaman lafiya a waje. Sun san hanyar kowane ofis, sun san inda takarda ke maƙalewa. Manyan cikinsu gwamnati kan kira su ta ba su kwamiti: Muhammad Ɗanmadami a 2006, M. D. Yusufu a 2008, Parry Osayande a 2012. Kowanne ya rubuta rahoto ya ambaci albashi da bariki da jin daɗin ma'aikata. Rahotannin sun fi aiwatarwar yawa.

Babban ciwon shi ne fansho. Dokar 2004 ta kawo tsarin karo-karo, inda ma'aikaci ke ajiye wani kaso na albashinsa, gwamnati ta ƙara nata. Gyaran 2014 ya mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki. Soja da jami'an leƙen asiri sun samu an cire su. Ɗan sanda aka bar shi ciki, kuma tunda albashin ƙarami ne, abin da ya taru ma ƙarami ne. Tsohon tsarin ma bai tsira ba. A Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000, bayan ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira. Ya biya tarar ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida, ta ce ya dawo da sama da naira biliyan 22. Ranar 21 ga Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja, a ƙofar majalisar tarayya da hedikwatar rundunar, suna neman a fitar da su daga tsarin. Waɗanda aka turo su tsare ƙofa ƙannensu ne da 'ya'yansu a aiki, suna kallon gobensu.

Babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar Maiduguri. A Oktoban 1982 'yan sanda sun rasa rayuka a rikicin Maitatsine na Bulunkutu. A Yulin 2009 ofisoshinsu ne farkon abin da Boko Haram ta far wa, kuma a hannunsu shugabanta Muhammad Yusuf ya mutu a ƙarshen watan, tabon da rundunar ba ta wanke ba har yau. Shekarun da suka biyo baya sa kaki a cikin gari ya zama kasada, ana bin ɗan sanda har gida a kan babur a harbe shi. A Agustan 2014 aka mamaye makarantar horar da 'yan Mobal da ke Limankara kusa da Gwoza. Kowane ɗaya da ya faɗi ya bar mace da yara a ɗakin bariki, ɗakin kuwa na gwamnati ne, wani ma'aikacin yana jiransa. Daga nan sai zaryar neman haƙƙin mamaci: takardar shaidar mutuwa, takardar magada, kuɗin mota zuwa Abuja. Sau da yawa wani tsohon sufeto ne da ya yi aiki da marigayin ke riƙe wa matar fayil yana bi mata, don Allah kawai.

A 2013 matasan Maiduguri suka ɗauki gora da adda suka fara farautar 'yan Boko Haram unguwa-unguwa. Aka kira su Sibiliyan JTF, Bahaushe ya ce 'yan kato-da-gora, suna kuma daga abin da ke hannu. Gwamnatin Borno ta horar da wasu, ta ba su kaki da motoci da alawus na wata. In aka cire sunan, ɗan doka ne ya dawo: ɗan gari, mai jin harshen gari, wanda ya san gidan kowa, kuma abincinsa yana hannun mai mulkin jiha. Da yawa sun mutu a daji tare da soja. Abin da iyalansu ke samu ya danganta da tausayin gwamnan da ke kan kujera.

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka zauna suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi, kuma tun daga nan muhawara ba ta lafa ba. Na saurari ɓangarorin biyu. Masu so suna cewa ɗan gari ya fi sanin gari, masu ƙi suna tuna abin da aka yi wa 'yan NEPU da mutanen Ibrahim Imam. Duk a kan wanda zai ba da oda ake jayayya. A ganina akwai tambayar da ta fi wannan kusa da cikin mai aikin, kuma tsofaffin da suka tsaya a ƙofar majalisa sun riga sun yi ta: jihar da malaman firamare ke bin ta bashin giratuti na shekaru, da me za ta biya fanshon kofur, kuma in ba ta biya ba, an yarda ya haɗu da 'yan'uwansa su tambaya tun yana cikin kaki?