Daga Kufan Alƙalawa Zuwa Ɗakin Karatu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ranar da na sami gurbin nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kawuna a Isa ya dube ni ya ce, "Ɗana, Hausar da ka sha a nono ita za ka tahi koyo?" A lokacin ban sami amsa ba. Sai da na bi tarihin ƙasarmu ta Gobir na same ta, kuma ita nake son in ba ku, ya 'yan'uwana matasa.

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. A ƙasar nan aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, Allah Ya ƙara masa yarda. Shehu ya rubuta littattafai da Larabci domin malamai, amma ya san manomi da makiyayi ba su jin Larabci, saboda haka aka tsara musu tauhidi da fiƙihu cikin waƙen Fulatanci da Hausa, da ajami. Bayansa 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) da ƙanenta Isa sun mai da waƙoƙi da dama zuwa Hausa, 'yan taru kuma suka kai su ga matan ƙauye. Ashe kafin takobi, alƙalami ne ya yi aiki.

An yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila. Sai ga dangi ɗaya, wannan na rubutu bisa ƙa'idar Zariya, wancan na karatu da Faransanci a Maraɗi.

A nan na fara fahimtar darasin. Mafi yawan abin da muka karanta game da waɗannan shekaru ya fito ne daga Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahin Gwandu, domin su sun rubuta. Labarin Gobirawa kuwa ya zauna a bakin tsofaffi da kirari da take, sai da masu bincike irin su Abdullahi Rafi Augi suka bi shi gari gari. Mutanen da ba su rubuta ba, wasu ke faɗin labarinsu.

Haka abin yake ga harshen. Boko da Hanns Vischer ya shimfiɗa wa ƙa'ida a 1912, wanda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, an gina shi ne bisa karin Kano. Na tuna yadda na riƙa ɓoye "shina" da "hwari" da "mi" na gidanmu don kada abokai su kira ni baƙauye. Kunya ta kama ni ranar da aka sa mana Bakandamiya ta Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, a ce mu rubuta ta. Kalmomin da suka gagari 'yan aji, a bakin kakata na saba jin su. Abin da nake ɓoyewa shi ne abin da farfesoshi irin su Aliyu Muhammad Bunza suka rubuta littafi a kansa.

Wani zai ce, ina ruwan addini da wannan? A Suratur Rum Allah Ya lissafa saɓawar harsuna cikin ayoyinSa. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Kuma duk mai wa'azin da bai san zurfin harshen mutanensa ba, fassararsa za ta yi ɗingishi ko da Larabcinsa ya nuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne lokaci na ƙurewa. Tun 2019 ta'addancin 'yan bindiga ya kori dubban mutanenmu zuwa jihar Maraɗi, a 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, Allah Ya jiƙansa. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar gafaka. Ta kakana tana nan a ƙauyen da muka bari, ban kuwa taɓa ɗaukar hoton ko warƙa ɗaya ba, alhali wayar na aljihuna. Wannan laifina ne, ina neman gafarar Allah.

Don haka, ɗan'uwa, in akwai tsoho a gidanku, zauna ka naɗi maganarsa. In akwai takardun ajami, koyi karanta su, ka ɗauki hotonsu kafin gara ko wuta ta riga ka. In Allah Ya ba ka gurbin nazarin harshe, kada ka raina shi. Kawuna ya rasu ban ba shi amsa ba, amma ga ta: na tafi ne in koyi yadda zan adana abin da na sha a nono.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum.