Yadda Dodannin Girl Genius Suka Shiga Wasan Tebur

Masu buga gem a waya, yau tarihi za mu ɗan taɓa.

A 2001 Phil Foglio da matarsa Kaja, 'yan Amurka, suka fara buga labarin zane mai suna Girl Genius, a 2005 suka mayar da shi intanet kyauta. A ciki akwai Jäger, sojojin gidan Heterodyne. Asalinsu mutane ne, suka sha wani haɗi mai kisa, wanda ya rayu ya zama dodo: ga ƙarfi, ba tsoro, ba jin magana. Kuma kada ka taɓa musu hula!

A 2021 kamfanin Steve Jackson Games ya mayar da labarin wasan tebur, kowa da jaruminsa, bisa tsarin GURPS na 1986. To, wa zai yarda abokin wasansa ya fi kowa ƙarfi? GURPS da maki yake aiki: ƙarfi saye ake yi, mugun hali irin su gaggawa kuwa maki yake dawo maka. Amma fa da sharaɗi. In rigima ta taso, 'ya'yan lido uku za ka jefa. Adadin ya wuce iyaka, dodonka ya afka, ko da shirin abokanka zai wargaje.