Birkin da Ke Aiki Bayan Mai Shi Ya Faɗi

Duk wanda ya taɓa kallon gasar Olamfik ta lokacin hunturu ya ga masu zamiya suna gangarowa daga kan tsauni, kowanne da dogayen alluna biyu a ƙafa. Abin da ido bai cika kamawa ba shi ne wasu 'yan hannuwa biyu na ƙarfe da ke naɗe a ƙarƙashin diddigen takalminsu. Sunansu birki, amma ba su tsayar da mutum. Allon da ya rabu da mai shi suke tsayarwa, kafin ya zama mashi a kan waɗanda ke ƙasa. Kafin a kai ga wannan ɗan ƙarfe an yi kusan shekara ɗari ana gyara matsala, gyaran yana haifar da wata.

Matsalar farko ita ce yadda za a riƙe allon a ƙafa. A ƙauyen Morgedal na yankin Telemark a ƙasar Norwe, Sondre Norheim ya yi suna da wani maɗauri na murɗaɗɗiyar saiwar itace mai zagaye diddige, wanda ya ba shi damar juyawa da tsalle ba tare da allon ya suɓuce ba. Da shi ya ba mutane mamaki a gasar da aka yi a Christiania, wato Oslo ta yanzu, a 1868. Daga nan aka shiga tseren ƙara wa riƙon ƙarfi, har injiniya Guido Reuge na Suwizalan ya fito da maɗaurin Kandahar, mai igiyar ƙarfe da ke danne diddige a jikin allo, wanda ya mamaye fagen a shekarun 1930.

Riƙon ya yi ƙarfi har ya wuce kima. Allo mai tsawon mita biyu da ya kafe a ƙanƙara yayin da jiki ke ci gaba da juyawa yakan murɗe ƙafa kamar ana matse wanki, kuma ƙashin ƙwauri ne ke biyan bashin. A 1937 Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norwe mazaunin Portland a Amurka, ya karye a tsaunin Hood. Daga wannan karaya ya ƙirƙiro maɗaurin da ke sakin takalmi idan murɗawar ta yi yawa, ya kai shi kasuwa da sunan Saf-Ski. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jean Beyl na kamfanin Look a Faransa da Hannes Marker a Jamus suka inganta dabarar a farkon shekarun 1950.

Ƙafa ta samu sauƙi, sai allo ya zama abin tsoro. An ƙera shi ne domin santsi, saboda haka da zarar ya kuɓuce sai ya miƙe gangare a guje, babu mai sarrafa shi. Maganin da aka fara samowa shi ne a ɗaure shi da madauri a idon sawu. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: mutum yana mirginawa, allon da ke ɗaure da shi yana wulwulawa, gefensa na ƙarfe mai kaifi yana sarar ƙwauri da fuska da kai. Ga kuma wahalar sunkuyawa a ɗaura a kwance da daskararrun yatsu.

A farkon shekarun 1960 wasu Amurkawa biyu masu hamayya da juna a sana'ar, Earl Miller da Mitch Cubberley, suka fito da birki. Wuraren wasan ba su yi saurin amincewa da shi ba, domin hankali ya fi kwanciya da igiyar da ake gani. Sai a ƙarshen shekarun 1970, da manyan kamfanonin Turai suka haɗa shi da maɗauransu, ya zama gama-gari.

Dalilin nasararsa yana cikin yadda yake aiki. Akwai ɗan faifai a ƙarƙashin diddige. Idan takalmi ya shiga maɗauri ya danne faifan, hannuwan biyu sai su ɗaga sama su kauce wa ƙanƙara. Idan takalmin ya fita, ko da gangan ko da faɗuwa, sifirin sai ya turo su ƙasa su kafe. Babu abin da ake nema daga mai zamiya face abin da dole ya yi ko da babu birkin, wato ya sa ƙafarsa. Don haka babu abin da zai manta.

Wannan sauƙin ya rushe a wajen masu hawa tsauni da ƙafafunsu maimakon a ɗauke su a kujerun waya. Su suna manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin allo don kada ya zame baya, kuma dole diddigensu ya riƙa ɗagawa a kowane taku. Fritz Barthel na Ostiriya ya sauƙaƙa musu a shekarun 1980 da maɗauri mara nauyi mai kama goshin takalmi da ƙusoshi biyu, wanda kamfanin Dynafit ya yaɗa. To, diddigen da ke ɗagawa ba ya danne faifai, sai birkin ya riƙa faɗowa yana turjiya a kowane taku. Dole aka yi masa sakata mai riƙe shi a sama har a gama hawa.

Sakatar ta dawo da abin da birki ya kawar tun farko: dogaro da tunanin mutum. Wanda ya yi sa'o'i yana hawa, ya iso ƙololuwa a gajiye, iska tana kaɗawa, hannunsa cikin safa mai kauri, ƙanƙara ta daskare a cikin sifirin, shi ake so ya tuna ya zare wata 'yar sakata. Idan ya manta, zai gangaro da birkin da ba zai buɗe ba ranar da aka buƙace shi. Komawa ga madauri kuma yana da nasa haɗarin, domin idan dusar ƙanƙara ta zaftaro, allon da ke ɗaure da ƙafa yakan ja mutum ƙasa.

Shi ya sa masu ƙira suka karkata ga haɗa sakatar da wani motsi da ba a iya tsallakewa. A yawancin maɗauran Dynafit, juya mariƙin diddige zuwa yanayin hawa shi ke ba birki damar kullewa, mayar da shi yanayin gangara kuma shi ke sakinsa, ta yadda ba za a iya kafa diddige ba alhali birki na kulle. Wasu kamfanonin sun zaɓi maɓalli ko ɗan hannu da ake turawa da tsinin sanda ba tare da an sunkuya ba. Na farko ya fi tsare mantuwa, na biyu yakan fi rashin nauyi, kuma ga mai ɗaga ƙafa dubban sau a yini kowane giram abin lissafi ne.

Har yau ba a daidaita a kan tsari guda ba. Sai dai ma'aunin da tarihin ya bari a fili yake. Ana gwada sakatar birki ne da hannun da sanyi ya kashe, a ƙarshen doguwar tafiya, lokacin da mai ita ya ƙosa ya sauka gida.