Bindiga da Akwatin Zaɓe: Tarihin Tawayen 'Yan Jamhuriya a Ƙasar Ayalan

GABATARWA

Tsibirin Ayalan yana yamma da Ingila, 'yar siririyar teku ce ta raba su. Yana cikin wuraren farko da Ingilishi suka gwada mulkin mallaka, tun ba su san hanyar Indiya ko ta Afirka ba. Mutanensa kuwa sun yi shekara fiye da 200 suna ɗaukar makami, jefi-jefi, domin su kafa jamhuriya tasu ta kansu wadda ba ta ƙarƙashin Sarkin Ingila. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, a duk tsawon wannan zamani 'yan tawayen ba su taɓa korar sojan Birtaniya daga tsibirin da ƙarfin yaƙi ba. Ƙarfinsu daga wuri biyu yake fitowa, watau goyon bayan jama'a, da kuma kurakuran da hukuma kan tafka wajen murƙushe su. Duk sa'ad da suka rasa waɗannan, bindiga ba ta tsinana musu kome ba.

TUSHEN RIGIMAR

Mayaƙa daga Ingila sun fara shiga Ayalan a 1169, amma abin da ya shuka rigimar da ta kai zamaninmu ya faru ne daga 1609, lokacin da aka ƙwace filaye a lardin Ulster na arewa aka raba wa baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotilan. 'Yan ƙasa, waɗanda galibinsu Katolika ne, suka koma 'yan haya a gonakin kakanninsu. Bayan yaƙin kogin Boyne na 1690 aka yi dokoki masu tsanani da suka hana Katolika shiga majalisa da riƙe muƙami da sayen fili. Saboda haka, ko da yake addini ne ya zama alamar da ake gane ɓangarorin biyu da ita, ainihin abin da ake jayayya a kai shi ne fili da mulki.

Wani abin lura shi ne, wanda ake ɗauka uban aƙidar jamhuriya a Ayalan ɗan Furotesta ne, wani lauya daga Dublin mai suna Wolfe Tone. Juyin mulkin Faransa ya burge shi, a 1791 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Haɗaɗɗun 'Yan Ayalan a Belfast, da nufin haɗa kan Katolika da Furotesta su kakkaɓe Ingila. A 1796 ya taho da jiragen yaƙin Faransa, guguwa ta hana su sauka. Da tawaye ya ɓarke a 1798, manoma masu māsu suka kara da soja masu igwa, aka yi musu mummunan kisa. An kama Tone, ya mutu a kurkuku. Sakamakon da ya biyo baya shi ne aka rushe majalisar Dublin, daga 1801 aka haɗe Ayalan da Birtaniya ƙarƙashin majalisa guda a Landan.

YUNWA DA ƘUNGIYAR ASIRI

A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan Ayalan. Cikin 'yan shekaru mutum kamar miliyan 1 suka mutu, wasu kamar miliyan 1 suka yi ƙaura, galibi zuwa Amurka, alhali kuwa ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin jiragen ƙasar. Waɗanda suka yi ƙaura sun tafi da ƙullacin wannan abu a zuci, jikokinsu kuma suka zama masu aiko da kuɗi da makamai har ƙarshen ƙarni na 20.

A 1858 James Stephens ya kafa wata ƙungiyar asiri a Dublin, wadda 'ya'yanta da takwarorinsu na Amurka aka fi sani da suna Fenian. Tawayen da suka yi a 1867 bai je ko'ina ba. Amma da hukuma ta rataye uku daga cikinsu a Manchester a wannan shekara, sai jama'ar da ba ta fito ta taya su faɗa ba ta fito ta yi makokinsu. A nan aka ga wani abu da zai yi ta maimaituwa: ɗan tawayen da aka ƙi shi da rai, in hukuma ta kashe shi sai ya zama gwarzo.

Duk da haka, mafi yawan 'yan Ayalan na wancan zamani hanyar siyasa suka bi. Ƙarƙashin jagorancin Charles Stewart Parnell da magadansa suka yi ta neman mulkin kai na cikin gida, har aka zartar da dokarsa a 1914. Sai dai 'yan Furotesta na Ulster, waɗanda ke tsoron zama 'yan tsiraru, sun riga sun kafa rundunar sa-kai a 1913, suka shigo da bindiga wajen 25,000 ta tashar Larne, hukuma ba ta hukunta kowa ba. Masu kishin ƙasa su ma suka kafa tasu. Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, aka jingine dokar.

TAWAYEN ISTA NA 1916

Ran Litinin, 24 ga Afrilu, 1916, kashegarin bikin Ista, mutum kimanin 1,200 suka kama babban gidan waya na Dublin da wasu gine-gine, Patrick Pearse ya karanta shelar kafa jamhuriya. Makaman da suke jira daga Jamus ba su iso ba, domin an tare jirgin. An kuma kama Roger Casement wanda ya nemo su, mutumin da ya taɓa yi wa Birtaniya aiki a Kalaba a shekarun 1890, ya kuma yi suna wajen tona asirin zaluncin da aka yi a Kwango. Kwana 6 aka yi ana faɗa, mutum wajen 480 suka mutu, fiye da rabinsu farar hula ne. Da aka fito da fursunoni, wasu mutanen Dublin har ihu suka yi musu.

A nan ne hukuma ta yi wa kanta sakiyar da ba ruwa. Janar Maxwell ya sa aka harbe mutum 15 cikin kwana 10, har da James Connolly, wanda aka ɗaure a kujera saboda raunin da ke ƙafarsa bai bar shi ya tsaya ba. Aka rataye Casement a Agusta. Aka kama mutum wajen 3,500, da yawansu ba ruwansu da tawayen, aka tsare wasu a sansanin Frongoch, inda suka sami damar sanin juna da shirya abin da zai biyo baya. Daɗin daɗawa, a 1918 gwamnati ta yi yunƙurin ɗaukar samarin Ayalan soja tilas. A zaɓen Disamba na wannan shekara jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujera 73 cikin 105 na Ayalan.

YAƘIN NEMAN 'YANCI DA YAƘIN BASASA

Zaɓaɓɓun sun ƙi zuwa Landan, suka kafa majalisarsu a Dublin ran 21 ga Janairu, 1919. A wannan rana aka yi wa 'yan sanda kwanton ɓauna a Soloheadbeg aka kashe biyu. Rundunar sa-kai ta koma Rundunar Jamhuriyar Ayalan, watau IRA. Michael Collins ya gane cewa kama gine-gine a jira igwa wauta ce, sai aka koma yaƙin sari-ka-noƙe da farautar 'yan leƙen asirin gwamnati. A gefe guda kuma majalisar Dublin ta kafa kotunanta, talakawa suka riƙa kai ƙara can suna ƙaurace wa na Sarki. Wannan ya raunana mulkin Birtaniya kamar yadda harsashi ya yi, ko ma fiye.

Gwamnatin Lloyd George ta ɗebo tsofaffin soja ta sa su aikin ɗan sanda, suka riƙa ramuwar gayya a kan gari duka. Ran 21 ga Nuwamba, 1920, mutanen Collins suka kashe mutum 14 da safe, da rana jami'an tsaro suka buɗe wuta a filin wasa na Croke Park, mutum 14 suka mutu. A Disamba aka ƙona tsakiyar birnin Cork. Labarin ya kunyata Birtaniya a idon duniya, su kuma 'yan IRA harsashi ya fara ƙare musu. Aka tsagaita wuta a Yuli, 1921, aka sa hannu a yarjejeniya ran 6 ga Disamba.

Yarjejeniyar ba ta ba da jamhuriya ba. Gunduma 26 sun sami mulkin kansu, amma da rantsuwar biyayya ga Sarki, gunduma 6 na arewa kuwa suka zauna cikin Birtaniya. Majalisa ta amince da ƙuri'a 64, masu ƙi 57. Abokan jiya suka juya wa juna bindiga daga Yuni, 1922, zuwa Mayu, 1923. An kashe Collins a kwanton ɓauna a gundumarsa ta haihuwa, sabuwar gwamnati kuma ta harbe fursunoni fiye da 70, adadin da ya zarce na waɗanda Birtaniya ta zartar wa hukuncin kisa a yaƙin da ya gabata. Éamon de Valera, jagoran masu ƙi, daga baya ya shiga majalisa, ya ci zaɓe a 1932, ya yi ta warware igiyoyin yarjejeniyar ɗaya bayan ɗaya ta hanyar doka. A 1949 kudu ta zama jamhuriya ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

RIKICIN AREWA

A arewa jam'iyya guda ta 'yan Furotesta ta yi mulki shekara 50. An nuna wa Katolika bambanci wajen aiki da rabon gidaje, an kuma shata mazaɓu yadda ko a birnin Derry, inda suka fi yawa, ba su iya cin majalisar gari. Amma da IRA ta kai hare-hare a kan iyaka daga 1956 zuwa 1962, jama'a ba ta bi ta ba, ita da kanta ta ajiye yaƙin.

A 1967 aka kafa ƙungiyar neman haƙƙin ɗan ƙasa, ta riƙa jerin gwano na lumana. 'Yan sanda suka tarye ta da kulki. A Agusta, 1969, aka ƙona unguwannin Katolika a Belfast, Landan ta aiko da soja, IRA kuma ta dare biyu, ɓangaren da ya zaɓi yaƙi ya rinjayi ɗayan. Sa'an nan hukuma ta sake kuskuren 1916. A Agusta, 1971, aka fara tsare mutane ba shari'a, aka kama 342 a tashin farko, babu ɗan bindigar Furotesta ko ɗaya a ciki. Ran 30 ga Janairu, 1972, soja suka harbe masu jerin gwano 13 a Derry, ba mai bindiga a cikinsu, kamar yadda binciken Lord Saville ya tabbatar a 2010 har Firayim Minista Cameron ya nemi gafara. Samari suka yi tururuwa zuwa IRA. A 1972 kaɗai mutum kusan 500 suka mutu.

Wajibi ne a faɗi abin da IRA ta aikata ita ma. Bama-bamanta sun kashe mutum 9 a Belfast a rana ɗaya a Yuli, 1972. An kashe 21 a mashayu biyu na Birmingham a 1974, da 11 a wurin tunawa da matattun yaƙi a Enniskillen a 1987. Cikin mutum kimanin 3,500 da rikicin ya ci, wajen kashi 60 cikin 100 sun mutu ne a hannun ƙungiyoyin 'yan jamhuriya. 'Yan bindigar Furotesta su ma sun kashe ɗaruruwan farar hula, har da mutum 33 a Dublin da Monaghan a rana ɗaya a 1974.

Abin da ya juya akalar tarihi ya fito ne daga kurkuku. A 1981 fursunoni suka shiga yajin cin abinci suna neman a ɗauke su fursunonin siyasa, gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙi. Mutum 10 suka mutu. Na farkonsu, Bobby Sands, an zaɓe shi ɗan majalisar Landan yana kwance, ya mutu bayan kwana 66. Shugabannin Sinn Féin, irin su Gerry Adams, suka ga abin da ƙuri'a za ta iya yi. Ko makaman da Libiya ta aiko a shekarun 1980 ba su sauya ma'auni ba, domin kowane ɓangare ya gane ba zai iya gamawa da ɗayan ba. John Hume, mai kishin ƙasa da bai taɓa yarda da makami ba, ya fara tattaunawa da Adams a 1988. IRA ta tsagaita wuta a 1994, ta karya a 1996, ta sabunta a 1997.

Ran 10 ga Afrilu, 1998, aka cimma yarjejeniyar Belfast, Sanata George Mitchell na Amurka yana shugabantar zaman. An yarda ɓangarorin biyu su yi mulki tare, arewa kuma ba za ta haɗe da kudu ba sai mafi yawan mutanenta sun zaɓi haka. A ƙuri'ar raba gardama kashi 71 cikin 100 suka amince a arewa, kashi 94 a kudu. Wasu da suka ɓalle suka dasa bam a Omagh a Agusta, mutum 29 suka mutu, amma jama'a ta juya musu baya. A 2005 IRA ta yi shelar ƙarshen yaƙinta, aka lalata makamanta. A 2007 Martin McGuinness, tsohon kwamandanta, ya shiga gwamnati ɗaya da Ian Paisley, babban abokin gabarsa, a 2024 kuma Michelle O'Neill ta Sinn Féin ta zama Ministar Farko.

KAMMALAWA

Ba za a ce makami bai yi tasiri ba, domin da wuya Lloyd George ya zauna teburi a 1921 in ba don yaƙin ba. Amma ya yi tasiri ne sa'ad da zaɓen 1918 ya tsaya masa. A 1867 da 1956, da ba jama'a a bayansa, ya tashi a tutar babu. Kuma sau biyu, a 1921 da 1998, an ƙare a teburi da abin da bai kai wanda aka yi rantsuwa a kansa ba. Tun a 1973 an ƙulla yarjejeniyar raba mulki a Sunningdale mai kama da ta 1998, IRA ta ƙi ta, yajin aikin 'yan Furotesta ya rusa ta a 1974, aka ƙara shekara 24 ana binne mutane kafin a komo kusa da inda aka baro.

Akwai darasi a nan ga ɗalibi da ma'aikacin hukuma baki ɗaya. Koke-koken da aka kawo a Derry a 1968 na gidaje ne da aiki da ƙuri'a, abubuwan da ofis ke iya gyarawa da alƙalami. Da aka amsa su da kulki, sa'an nan da kamen kan mai uwa da wabi, sai hukuma da hannunta ta tara wa 'yan bindiga mabiyan da suka kasa samu da kansu.