Katin Bashi: Yadda Yake Aiki, Hukuncinsa, da Mafita ga Wanda Ya Faɗa Ciki

Tambayoyi sun yawaita daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila da Faransa da ƙasashen Larabawa, da ɗalibai masu shirin fita karatu, game da katin da banki ke bai wa mutum ya yi sayayya ya biya daga baya. Ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa, don haka da sura za mu fara.

Ba kowane kati ne katin bashi ba

Katunan banki iri uku ne. Na farko shi ne wanda ke haɗe da ajiyarka, ko wanda kake zuba masa kuɗi tukuna: ba ka kashe sai abin da ka mallaka. Mafi yawan katunan da ke hannun mutanenmu a Nijar da Gana da Kamaru da Cadi wannan iri ne, kuma babu laifi a cikinsa, ko da an rubuta Visa ko Mastercard a jikinsa. Waɗannan sunayen kamfanonin da ke isar da biyan ne kawai. Na biyu shi ne wanda banki ke biya maka, sannan ya cire jimillar gaba ɗaya a ƙarshen wata, kamar yadda aka saba a Faransa. Na uku shi ne abin maganarmu: banki ya yanka maka iyaka, ka kashe, ya ce ba dole ka biya duka ba, ka kawo ɗan abin da ya sawwaƙa, sauran ya zauna a kanka yana haihuwa.

A Amurka aka fara shi. Katin Diners Club ya fito a birnin New York a 1950, shi kuma ana biyansa ne gaba ɗaya kowane wata. A 1958 Bank of America ya fitar da BankAmericard a jihar Kalifoniya, wanda ya ba da damar jinkirta biya da ƙari, shi ne ya koma Visa a 1976. Ingila ta samu nata, Barclaycard, a 1966. A 2023 jimillar bashin kati da ke kan Amurkawa ta haura dala tiriliyan 1, kuɗin ruwan da ake ɗora masa kuwa a tsaka-tsaki ya zarce kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Inda tarkon yake

Kowane wata banki zai aiko da takardar lissafi mai lambobi biyu: jimillar abin da ake bin ka, da mafi ƙarancin abin da za ka biya. Idan ka biya jimillar kafin wa'adi ya cika, wanda a dokar Amurka ba ya gaza kwana 21 daga aiko takardar, ba a ƙara maka komai a kan sayayya. Idan ka biya mafi ƙarancin, banki zai gode maka, ba zai kira ka mai taurin bashi ba, domin irinka yake nema.

Mu yi lissafi, don ido ya gani. Mutum ana bin sa dala 2,000, kuɗin ruwa kashi 24 a shekara, wato kashi 2 a wata. Ruwan watan farko dala 40 ne. Idan yana kai dala 50 kowane wata, dala 10 kacal ta taɓa uwar kuɗin. A haka, ko bai sake sayen allura da katin ba, sai ya yi wata 82, kusan shekara 7, kuma ya biya sama da dala 4,000. Ya biya bashin sau biyu ke nan. Da zai kai dala 100 a wata, wata 26 ya gama. Da zai kai 200, cikin shekara ɗaya ya fita, ƙarin bai wuce kimanin dala 250 ba. Saboda irin wannan ne dokar Amurka ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar lissafi tsawon lokacin da mai biyan mafi ƙaranci zai ɗauka. Sai dai mutum nawa ke karanta ƙananan rubutu?

Akwai abubuwa biyu da yawanci ba a sani sai an afka. Wanda ya bar saura a kansa, sabuwar sayayyar da zai yi ma tana fara tara ruwa tun ranar da ya yi ta, rangwamen kwanakin nan ya faɗi. Wanda kuma ya ciri tsabar kuɗi da katin bashi a na'ura, ba shi da rangwame ko na yini ɗaya, ga kuɗin cira a kai. Sannan ga tarar jinkiri in wa'adi ya wuce.

Hukuncinsa

Kalmar riba a rubutun boko tana rikita masu karatu, domin ribar ciniki da ribar da aka haramta harufansu ɗaya ne, a baki ne ake bambanta su. A nan haramtacciyar muke nufi.

Haƙiƙanin abin da ke tsakaninka da banki rance ne. Ya biya mai kaya a madadinka, ya zama yana bin ka. Duk ƙarin da aka shar'anta a kan rance saboda jinkiri riba ne, kuma wannan ita ce ainihin surar da Larabawan jahiliyya suke yi: wa'adi ya cika, mai bin bashi ya ba wanda ake bi zaɓi, ko ya biya yanzu ko a ƙara masa lokaci a ƙara masa kuɗi. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 281, a kanta suka sauka. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito kuma bai tsaya ga mai karɓa ba, ya haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu. A wannan babu saɓani.

Saɓanin yana kan mutumin da ya ce: zan karɓi katin, amma zan riƙa biya kafin wa'adi, ko sisi ba za a ɗora mini ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 1421 Hijira, daidai da 2000, ta yanke a ƙuduri mai lamba 108 cewa bai halatta a fitar da irin wannan kati ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar akwai sharaɗin ƙari, ko da mai nema ya ƙudurta biya cikin lokaci. Hujjarsu ita ce sa hannu a kan sharaɗin yarda ne da shi, kuma babu wanda ya mallaki gobe. Majalisar ta halatta katin da babu wannan sharaɗi, da tsayayyen kuɗin hidima na fitarwa da sabuntawa, da kason da banki ke karɓa daga mai shago muddin bai ƙara wa mai saye farashi ba. Ta hana sayen zinariya da azurfa da canjin kuɗi da katin da babu kuɗi a cikinsa, saboda waɗannan sai hannu da hannu. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai su lura da wannan. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, a ma'auninta na 2, ita ma ta hana bankunan Musulunci fitar da katin da bashinsa ke juyawa da ruwa.

Wasu malamai, musamman masu fatawa ga mazauna ƙasashen Turai da Amurka, sun yi rangwame ga mai buƙata. Suna kafa hujja da ƙissar Barira, inda ciniki ya inganta aka watsar da ɓataccen sharaɗi. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne maganar Majalisar, domin a ƙissar Barira shari'a tana da ikon soke sharaɗin, a yau kuwa kotu ce za ta tilasta maka cika shi. Amma ban ga a tsananta wa wanda ke zaune inda ba a ba shi hayar gida ko mota sai an duba tarihin mu'amalarsa da bashi ba, idan ya rasa wata hanya. Irin wannan ya tsaya iya buƙata, kada ya sayi abin da ba shi da kuɗinsa a ajiya, ya kuma umarci banki ya riƙa cire jimillar da kansa kowane wata. Mazaunin Maraɗi ko Kumasi ko Garwa da katin ajiyarsa ke biya masa buƙata ba shi da wannan uzuri.

Kada kuma sunan Musulunci a jikin kati ya isar maka. Akwai katunan da aka gina a kan tsayayyen kuɗin hidima, akwai waɗanda aka gina a kan tawarruƙin da banki ke shiryawa, wanda ita Majalisar ta hana a 2009. A nemi takardar sharuɗɗa a kai wa masani. Haka nan rancen da ake turowa ta waya, a karɓi goma a mayar da sha ɗaya, hukuncinsa ɗaya da wannan ko da babu kati.

Wanda ya riga ya shiga

Tuba tukuna, sannan a daina amfani da katin daga ranar. Rami ba ya cikuwa ana ci gaba da haƙa shi. A zauna da biro da takarda a rubuta kowane kati: nawa ake bi, kashi nawa ne ruwansa, yaushe ne wa'adinsa. Da yawa tsoron ganin jimillar ne ke hana su buɗe takardun banki, ruwa kuwa ba ya jira.

Mai katuna da yawa ya biya mafi ƙarancin kowanne don kauce wa tara, ya zuba duk abin da ya rage a kan wanda ruwansa ya fi tsada. Masana harkar kuɗi wasunsu na cewa a fara da ƙaramin bashi don zuciya ta samu ƙarfi. Ni na fi zaɓar na farko, saboda shi ne ke rage yawan ribar da za ta fita daga hannunka. Wanda ke da ajiya, ko gwal, ko fili, ko yana tara kuɗin Umra ko aikin Hajji, ya fara kashe wannan wuta. Hajji ba ya wajaba a kan wanda bashi ya cinye abin hannunsa.

A yi wa banki magana kai tsaye, a nemi ya dakatar da ruwan ko ya yafe wani ɓangare. Sukan yarda ga wanda ya nuna gazawarsa, don sun fi son su samu uwar kuɗinsu. A Ingila akwai masu ba da shawara kyauta irin su StepChange da Citizens Advice. A Faransa wanda bashi ya fi ƙarfinsa yana iya kai takardunsa Banque de France a sake tsara masa biya. A guji masu tallar za su haɗe maka basussuka wuri ɗaya da sabon rance mai ruwa, sau da yawa wa'adi ne suke tsawaitawa. Abin da ya wajaba a kanka a shari'a uwar kuɗin ce. Idan doka ta tilasta ka biyan ƙarin, ka biya kana ƙi, ka gaggauta fita.

A nan jama'ar masallaci suna da aiki. Rance mai kyau daga 'yan'uwa, a rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta koyar, ko a ba shi kwasar farko a adashe, yana iya kuɓutar da mutum cikin yini ɗaya daga abin da zai ci masa shekaru. Waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka. Malamanmu na Malikiyya sun shar'anta kada ya zama ya ci bashin don ɓarna, sai fa idan ya tuba.

Kowane mai bashin kati ya rubuta shi a wasiyyarsa, ya sanar da iyalinsa. Bashin banki bashi ne, ana fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da gado. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mutum da ake bi 'yan dinarai, Annabi (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Magada su sanar da banki rasuwar da wuri, su nemi a tsayar da ƙarin, su biya uwar kuɗin kafin a raba komai. Allah ne mafi sani.