Haɗuran tiyatar ƙara girman nono

Tiyatar ƙara girman nono aiki ne da likita ke yi ta hanyar sanya wata 'yar jaka mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri a ƙarƙashin nono ko a bayan tsokar ƙirji. Ana yin ta domin kwalliya, ko domin sake gina nonon da aka cire saboda ciwon daji. Jakar ba ta dawwama a jiki har abada, kuma yiwuwar samun matsala na ƙaruwa gwargwadon daɗewarta.

Tarihi

Likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, su ne suka fara dasa jakar silikon a birnin Houston na Amurka a shekarar 1962. A 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta taƙaita amfani da ita saboda shakku kan lafiyarta, sannan ta sake ba da izini a 2006.

Matsalolin farko

Kamar kowace tiyata, ana iya samun zubar jini, taruwar jini ko ruwa a wurin, kamuwa da ƙwayoyin cuta, da illar maganin sa barci. Kan nono na iya mutuwa ko ya riƙa zafi, wasu matan kuma shayarwa kan yi musu wuya daga baya.

Matsalolin da ke zuwa daga baya

Jiki yakan kewaye jakar da wani tantani na tabo. Idan tantanin ya yi tauri ya matse ta, nonon yakan ƙandare, ya karkace, ya riƙa ciwo. Jakar kuma tana iya fashewa. Ta ruwan gishiri nan da nan ake ganewa domin nonon yakan motse, amma ta silikon kan fashe ba tare da wata alama ba. Shi ya sa FDA ke ba da shawarar a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Jakar tana kuma iya tare wani sashe na nono a hoton binciken daji.

A 2011 FDA ta bayyana alaƙa tsakanin jakar da wani nau'in ciwon daji na garkuwar jiki, BIA-ALCL, wanda ba kasafai ake samunsa ba, kuma ya fi zuwa da jaka mai kaushin baya. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye irin waɗannan jakunkuna nasa masu suna Biocell daga kasuwannin duniya.

Badaƙalar PIP

A 2010 hukumomin Faransa suka gano cewa kamfanin PIP yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu maimakon na asibiti. Dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama abin ya shafa. A 2013 kotu a Marseille ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4.

A Najeriya

Majalisar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, NAFDAC kuma ke kula da magunguna da kayan asibiti. Haɗarin tiyatar kwalliya ya ja hankalin jama'a a watan Oktoban 2005, lokacin da Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a Sifaniya bayan aikin rage kitse. A Arewa an fi sanin mayuka da ƙwayoyin "gyaran nono" da ake tallatawa a kasuwanni da intanet, waɗanda babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da amfaninsu. Allurar silikon kai tsaye cikin nono ta fi su haɗari, domin silikon ɗin na iya bin jini ya toshe jijiyoyin huhu.